Sambo Ƙarƙaf da Karsanar Aro

Ba Ƙarƙaf aka raɗa masa ranar suna ba. Sambo aka ce, don shi ne namiji na biyu a ɗakin uwarsa, kuma da wannan sunan ya yi kiwo, ya yi aure, ya aurar da ƙannensa. Sai da girma ya fara kama shi sannan ya jawo wa kansa laƙabin da ya bi shi har kabari. Da bakinsa ya jawo shi kuwa, ba wanda ya matsa masa wuya.

Ƙauyensu yana tsakanin Dungas da Dogo-Dogo, can kudancin Nijar, inda in saniya ta yi nisan kiwo sai a tsince ta a Nijeriya. Asalinsu Fulani ne, amma zama ya daɗe da mayar da bakinsu Hausa. Suna noman gero da gyaɗa kamar maƙwabtansu, sai dai in ka ji ɗayansu ya ce "dukiya", kada ka duba rumbu, garke yake nufi. Ba sa ƙidaya shanu a gaban mutane, amma kowa ya san na kowa da fuska. Tsoho zai dubi maraƙi a bakin rijiya ya gaya maka uwarsa, da kakarsa, da gidan da kakar ta fito.

A cikinsu garken Sambo ya fi na kowa kauri, kuma ba gadonsa ya yi haka ba, don abin da ubansu ya bari ba shi da yawa bayan an raba. Wahala ce ta tara masa. Tun yana saurayi, in samari sun tafi dandali shi yana daji, in sun sayar da ɗan bijimi sun yi riga shi sai ya sa a yi wa tsohuwar tasa faci. Dogo ne siriri mai tsantseni, irin mutumin da zai ɗaure igiya ya yi gaba, ya dawo ya sake duba ƙullin. Ba za a ce masa marowaci ba, a yi masa adalci, yana bayarwa. Sai dai kafin hannunsa ya buɗe sai ya yi tunanin gobe da jibi da gata, kuma sau da yawa kafin ya gama tunanin mai roƙon ya gaji ya tafi.

Mutum ɗaya ne yake faɗa masa haka a gaban idonsa, shi ne Ɗantsoho, ɗan gwaggonsa. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, don haka tsakaninsu ba kunya ba fushi. Sambo yana ce masa "bawana", shi kuma yana ce masa "ubangida mai hannun jarirai". Ɗantsoho gajere ne, muryarsa tana riga shi isa wuri, 'ya'ya cike da gida, shanu kaɗan, waɗanda uwarsa ta gada daga kakan da suka haɗa. In sun gamu a rijiya masu jan guga har tsayawa suke yi su sha dariya.

Daminar alif ɗari tara da saba'in da biyu ta yi rowa, ta saba'in da uku ta fi ta. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Sambo, da yake shi mai hangen gobe ne, bai jira kaka ba. Ya tattara garkensa ya nufi kudu, wajen fadamun Haɗeja, ya bar matarsa Nafi da yara da ɗan abin da ya rage a rumbu. Ɗantsoho ya raka shi har bakin gari yana ihu, wai jama'a su fito su ga ubangida ya ranta a na kare. Sauran suka zauna suna kaɗo wa dabbobi 'ya'yan gawo. Da suka ƙare aka shiga saran rassa, daga baya har bunun ɗakuna aka yaye aka ba su.

Kudun ma ba aljanna ba ce. Duk makiyayin da ke da ƙafa can ya nufa, rijiyoyi suka yi kaɗan, ciyawar fadama ba ta karɓi cikin shanun tudu ba, ga ciwon sammore. Sambo ya ga abin da ba ya son tunawa. Saniyar da ya sha nononta tun kafin ya yi aure ta durƙusa a gabansa, ya ɗaga ta da wutsiya, ta ƙi tashi. Kafin bazara ta tsaya, garken da ke tayar da ƙura ya koma abin da bai cika yatsun hannu biyu ba, su ma fata da ƙashi. Ba za su iya tafiyar gida ba, gidan ma ba abin da za su ci. Sai ya bar su wurin Dauda, wan Nafi, wanda ke zaune a wani ƙauye bayan Gumel, ya rataya igiya a kafaɗa ya kamo hanya. Har nan dai ba shi da laifi ko ɗaya.

A hanya ne tunani ya fara cinsa. Tun daga kan iyaka yake ratsa gawarwakin shanu, ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in mutum ya zo wucewa. Ya san abin da zai tarar. Ya san in ya ce akwai saura, gidan wansa marigayi za su dube shi, ga dangi, ga maƙwabta. Za a ce a sayar da ɗaya a sayi hatsi, sannan wata, sannan wata, kuma ba zai iya cewa an zalunce shi ba, don yunwar gaskiya ce. Kafin ruwa ya sauka irin ya yanke. Bai ƙudura zai yi ƙarya ba. Ya dai shirya zai yi maganar da ba kai ba gindi, a yi masa jaje a bar shi haka.

Da hantsi ya iso. Maza suna zaune a gindin gawon bakin masallaci, waɗanda ya bari da jiki duk wuyansu ya fito daga riga. Aka gaisa. Mainassara, ƙanen ubansa kuma dattijon zuri'ar, wanda duk garin ke kira Baffa, ya dubi igiyar, ya dubi hanyar da ya fito inda babu ko ƙura.

"Sambo, ina dukiya?"

"Baffa, sai haƙuri."

"Sun taɓu?"

"Sun ƙare."

Tsohon ya ce, "Ƙarƙaf?"

To, a wurin mutanen nan wannan kalma ba ta cika baki ba ce. Asara hawa-hawa ce, kowace da yadda ake faɗinta. In makiyayi ya ce shanunsa sun taɓu, ya yi rashi amma yana tsaye da ƙafarsa. In ya ce sun ƙare, ana iya samun biyu ko uku a bayan maganar, don kowa ya san mai dabba ba ya faɗin duka. Ƙarƙaf kuwa ba a ɓoye komai a bayanta. Ana nufin ko maraƙin da za a ɗaura a dangwali babu, gidan ya fita daga sahun masu shanu. Wanda ya faɗe ta a gaban dattijai ya sauke kayansa ne a kan dangi, su kuma dole su ɗauka. Shi ya sa Baffa ya tambaya da ita, don ya san nauyin da ya hau kansu.

Sambo ya san duk wannan. Da ya ce saura 'yan ƙalilan a kudu, da an wuce wurin. Ya dubi idanun da ke kansa, ya ji bakinsa yana cewa, "Ƙarƙaf, Baffa."

Wuri ya ɗauki salati. Ɗantsoho, wanda ya taso da zolaya a bakinsa, ya haɗiye ta. Ya zo ya sauke masa igiyar daga kafaɗa kamar wani kaya mai nauyi, hawaye na bin gemunsa, ya riƙe masa hannu har ƙofar gida. Sambo bai iya ɗaga ido ya dube shi ba.

Kafin la'asar ya gaya wa Nafi gaskiya, tana tankaɗen dusar da za a dama wa yara. Ta ajiye rariya ta dube shi.

"Malam, koma ka gyara maganar nan tun ba ta kwana ba."

"Bari ruwa ya sauka. In ciyawa ta fito sai in san yadda zan yi."

"Ka san yadda za ka yi? Da shanun da duk garin nan ya san kakanninsu?"

"Ke dai ki rufa mini asiri."

Ta rufa, don ba ta da yadda za ta yi, ga shi wanta ne ke riƙe da shanun, in asiri ya tonu har gidansu zai shafa. Amma daga ranar hira ta ragu a ɗakin.

Magana ta kwana, ta tashi, ta shiga kasuwar Dungas. Da yake shi ne mai babban garke kuma shi ya fara gudu, labarinsa ya zama abin da ake auna bala'in da shi. "Yo Sambo ma da ya tafi da wuri, ƙarƙaf!" Tun ana faɗa a bayansa har aka koma kiransa da shi, ba don izgili ba, don tausayi, kuma shi tausayin ya fi yi masa ciwo. Da sojoji suka karɓi mulki aka fara ganin kamiyon jar dawar agaji, wato babbar mota, yana isowa daga Magarya, mutane da kansu suke buɗa masa hanya, suna cewa a matsa a bar Ƙarƙaf ya fara. Wata tsohuwa mai akuya ɗaya tak ta aiko wa Nafi da ɗan nono a ƙoƙo. Nafi ta sa hannu biyu ta karɓa ta yi godiya, ta ba yara, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

A cikin wannan bazarar matar wansa marigayi ta ɗaure kayanta ta kwashi marayu za ta Damagaram neman abinci. Ta biyo ta yi masa sallama, ta durƙusa a bakin zaure tana ba shi haƙuri, wai kada ya sa wa ransa damuwa don bai iya riƙe su ba, ai kowa ya san halin da yake ciki. Ya raka su bakin gari ya dawo ya shige ɗaki da rana tsaka. Saniya ɗaya da ta zaunar da su, kuma ya san haka.

Damina ta zo da albarka, ciyawa ta rufe daji ba bakin da zai ci. Sambo kan ce za shi gaida surukai, ya tsallaka ya je ya tarar shanunsa sun murje, har wasu sun haihu, iyalin Dauda suna shan nono suna kai saura kasuwa. Dauda kan tambaye shi yaushe zai kwashe abinsa, don maƙwabta sun fara ɗauka nasa ne. Sai ya ce ana nan ana shiri. Ya tsaya a tsakiyarsu suna lasar hannunsa, sannan ya koma gida wurin 'ya'yansa masu dama fura da ruwa. Ya yi ta saƙa da warwara. Ya kawo ɗaya ya ce saya ya yi? Da me ya saya? Ya ce Dauda ne ya ba shi? To yankan kunnen gidansu fa, da farin goshin nan da duk zuri'ar ta san daga wace saniya ya fito? Kullum sai ya ce bari wata mai kamawa.

Bayan an kai amfani gida, Baffa ya tara maza ya ce lokacin habbanaye ya yi. Al'ada ce da suka riƙe tun kakanni. Mai saura ya ɗauki karsana ya ba wanda ya rasa, ta zauna a hannunsa yana shan nono har ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Ba a roƙonta, in an ba ka ba a ƙi, kuma mai bayarwa ba ya waiwayarta kafin lokaci ko da zai kwana da yunwa. Sambo ya zauna a bayan taro yana addu'a a zuci kada kowa ya tuna da shi.

Washegari da safe ya ji muryar da ya fi tsoro.

"Ina ubangidan nan da ya tsiyace? Fito ka ga abin da bawa ya kawo maka!"

Ɗantsoho ne, da Baffa da shaidu a bayansa, yana jan wata jar karsana. Duk garin an san abin da fari ya bar masa: tsohuwar saniya guda da ake kira Guntuwa, da wannan 'yar tata.

"Ɗantsoho, ba zan karɓa ba. Kana da yara."

"Ina da yara ina da biyu. Kai kana da yara ba ka da ko ɗaya. Ko hankalin ma a kudu ka baro shi?"

"Ka ba wani. Akwai waɗanda suka fi ni bukata."

"Suka fi ka? Akwai abin da ya wuce ƙarƙaf ne? Baffa, ka ji shi, girman kai ne, ba ya son a ce bawa ya ciyar da shi. Ungo nan. Tana da ciki ma, ban fara gaya maka ba don kada ka suma."

Aka yi dariya. Nan Allah ya sake ba shi wurin faɗin gaskiya. Amma ga shaidu, ga Baffa ya riga ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ga fuskar taubashinsa cike da murnar abin kirkin da ya yi. Sambo ya miƙa hannu ya karɓi igiyar, yana jin da ma ƙasa ta tsage ya shige. Nafi tana ɗaki tana jin komai, ta ƙi fitowa, aka ce kukan godiya take yi.

Ba a taɓa ganin dabbar da aka yi wa gata irin karsanar nan ba. Dusa, kanwa, harawa, kafin ya ci sai ta ci, in ƙaya ta soke ta ranar ba ya zuwa gona. Mutane suna nuna shi suna cewa ka ga mai riƙon amana. Ta haifi maraƙa, nono ya dawo gidan. Nafi ce ke tatsa, ta dama wa yara, ta miƙa masa nasa. In ya kai ludayi baki sai ya ji kamar yashi yake haɗiya.

Shekarar da ta biyo baya cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya murɗe ya ƙanƙance, ba 'ya'ya ba harawa. Da bazara ta yi tsanani, Guntuwa, wadda dama haƙoranta sun ƙare, ta kwanta a turke ta ƙi tashi. Aka sa mata wuƙa kafin ta yi mushe. Ɗantsoho ya raba naman gida-gida, ya kawo na gidan Sambo da kansa a ƙwarya.

"Ubangida, na biyo sahunka. Yanzu mu biyu ne, sai dai ka riga ni cin sarautar Ƙarƙaf."

"Ka ɗauki jar saniyarka, Ɗantsoho. Yau ɗin nan, da 'yar."

"Haihuwa nawa ta yi?"

"Ɗaya."

"To so kake a yi da ni a bakin rijiya, a ce na ba da habbanaye na dawo na ƙwace? Riƙe abarka. Ni ƙarshen watan nan Kano za ni, an ce masu ga-ruwa suna samun na tuwo. Ɗela ta riƙe yara da gona."

Yana faɗa yana dariya, amma dariyar yaƙe ce. Mutumin da bai taɓa saɓa komai a kafaɗa ba sai sandar kiwo, zai bar matarsa Ɗela da 'ya'ya ya je ya ɗauki garwa yana bin lungu. Da ya fita, Nafi ta zo ta tsaya a kan ƙwaryar naman.

"Malam, wannan naman ba zai shiga tukunyata ba. Na yi shiru an sa mu gaba a wurin dawa, na yi shiru an kawo mana nonon akuya, na yi shiru marayu sun bar gari. In ba ka je ka koro su ba, wallahi ni zan je gidanmu in koro su da kaina, kowa ya gani."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Babu lokacin da za a shigo da shanu garin nan a ɓoye, shi ma bai nema ba. Ya iso da su lokacin da kowa ke rijiya. Tun daga nesa shanun suka shaƙi gida suka bar shi a baya, babbarsu da ake kira Goshi tana gaba tana kuka, suka nufi kwamin da suka saba shan ruwa. Masu jan guga suka tsaya cak. Ba wanda ya tambayi na wane ne.

Ɗantsoho ne ya fara motsi. Ya ruga ya rungumi wuyan Goshi, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana dariya yana kuka.

"Allahu akbar! Shanun kakanmu! Ashe iri bai yanke ba! Sambo, a ina ka same su? Ɓacewa suka yi ko? Wani bawan Allah ne ya tsince su ya riƙe maka?"

Ga mafita ta samu, taubashinsa ne ma ya miƙa masa ita da zuciya ɗaya. Da ya ce e, da rabin garin sun yarda, rabin kuma sun yi kamar sun yarda. Sambo ya dubi Baffa, ya tarar tsohon kallonsa kawai yake yi.

"Ba su ɓace ba," in ji Sambo. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai da ya sake. "Ba su ɓace ba. Ni na bar su wurin Dauda. Ranar da na ce ƙarƙaf na san suna nan."

Ɗantsoho ya zare hannunsa daga wuyan saniyar a hankali.

"Ranar da na kawo maka karsana fa?"

"Suna nan."

"Ranar da aka yanka Guntuwa?"

"Suna nan."

"To," in ji Ɗantsoho. Ya naɗe gugansa ya tafi gida. Baffa ya ce a ci gaba da ba dabbobi ruwa, su ba su yi wa kowa ƙarya ba.

Ba a kore shi ba, ba a kai shi gaban kowa ba, da an yi hakan ma da ya fi masa sauƙi. A ranar ya ja jar saniyar da 'yarta zuwa gidan Ɗantsoho, aka amsa masa daga cikin zaure cewa ba ta haihu uku ba. Ya kai wata mai nono daga cikin nasa ya ɗaure a ƙofar, kafin azahar an mayar masa. Sai da Ɗantsoho ya tafi Kano ya sake kai ta, sannan Ɗela ta bar ta a turke saboda yara, amma ko sau ɗaya ba ta aiko da godiya ba, shi ma bai sa rai ba. Ya aika Damagaram a nemo masa marayun wansa, aka ce sun wuce gaba, ba a san inda suka yi ba. Wasu daga cikin shanun ya ba da su habbanaye ga waɗanda suka rasa da gaske. Suka karɓa don suna bukata, Baffa ya yi addu'a gajeriya, kowa ya watse.

Sunan bai canja ba, sai dai yanzu ba da tausayi ake faɗinsa ba. A kasuwa in mai kaya yana rantsuwa cewa hajarsa ta ƙare ƙarƙaf, sai mai saye ya ce, "Irin na gaske ko irin na Sambo?" Ya sha jin haka da kunnensa ya wuce kamar bai ji ba. Ya koma sahun baya a masallaci, ya daina zaman gindin gawo. Hannun nan da ba ya buɗewa ya buɗe har Nafi tana tsawata masa, garken kuma, kamar da gayya, sai ƙaruwa yake yi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Ɗantsoho. Duk damina yana dawowa noma, ya rame, kafaɗunsa sun yi kanta saboda sandar garwa. In sun haɗu sai ya rage murya ya ce, "Malam Sambo, an tashi lafiya? Ya iyali?" Ya jira amsa ya wuce, kamar baƙo mai ladabi. Sau ɗaya Sambo ya yi ƙarfin hali ya ce masa "bawana". Ɗantsoho ya waiwaya bayansa kamar yana neman wanda ake kira.

Jar saniyar kuwa tana nan a tsakiyar garkensa, kullum da safe ita yake fara gani. Ta haifi na biyu, ta haifi na uku a saba'in da tara. Da aka yaye na ukun, Sambo ya haɗa ta da 'ya'yanta duka, ta farin ma har ta zama saniya da nata cikin, ya kora su zuwa gidan taubashinsa.

Ɗantsoho ya fito ya zagaya saniyar, ya duba haƙoranta, ya shafa bayanta.

"Ka riƙe ta da kyau, Malam Sambo. Allah ya saka da alheri." Ya karɓi igiyar uwar.

"Duka na kawo. Da 'ya'yan."

"'Ya'yan ba nawa ba ne."

"Na sani. Don Allah ka karɓa. In ba za ka karɓa ba, to ka zage ni, Ɗantsoho. Ko sau ɗaya. Ka tara mutane ka ce mini duk abin da ka ga dama."

Ɗantsoho ya daɗe yana kallonsa. Babu fushi a fuskarsa, kuma wannan ne ya kashe wa Sambo jiki.

"Ni wanda na ba karsana mutum ne da ba shi da komai a duniya. Ɗan kawuna ne, ina sonsa ƙwarai. 'Ya'yan nasa ne. In ka gan shi ka ba shi."

Ya ja saniyarsa ya shige gida, aka jawo ƙyaure.

Sambo ya juya da ukun. Manyan biyu suka kama hanya, amma ƙaramin ya ƙi, yana ta waiwaye yana kuka, uwar tana amsa masa daga bayan danga. Ya tura, ya lallasa, ya ɗaga sanda, maraƙin ya kafe. Daga ƙarshe sai da ya kwance rawaninsa ya ɗaura masa a wuya, ya ratsa tsakiyar gari yana jansa, kansa a buɗe, mutane suna gaishe shi yana amsawa ba tare da ya ɗago ba.